Zanen da Aka Goya Ka da Shi

Malam, na karanta maƙalarka ta makon jiya sau biyu, na farko a tsaye a bakin titin Narayi ina jiran abin hawa, na biyu da daddare bayan yara sun kwanta. Ka tsaya kai da fata kana kare rubutun nan da ya fara yawa a bayan Keke Napep da ƙirjin rigunan samari, mai cewa namiji ba ya ɗaura zane, da ƙanensa mai cewa wanda ya ji tsoro ya je ya sa siket. A ganinka waɗannan kalmomi katanga ce ga tarbiyya: addini ya goyi bayansu, harshen Hausa ya shaide su, kuma su ne za su tsare 'ya'yanmu maza a zamanin da wayar hannu ke shigo mana da kowace irin shara har cikin ɗaka. Damuwarka a kan tarbiyya tawa ce ni ma, ina da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Sai dai maganin da ka ba mu ya fi cutar illa, kuma daga unguwar da nake zaune zan kawo maka dalilaina.

Mu fara da zanen kansa, tunda shi ka ɗora wa laifi. Ka rubuta cewa tun fil azal wando na maza ne, zane na mata. Duk shekara maniyyatan jihar nan sukan taru a sansanin alhazai na Mando kafin su tashi, kuma a jakar kowane namiji akwai fararen ƙyallaye biyu marasa ɗinki. In an kai miƙati, sarki da talaka, soja da malami, kowa sai ya tuɓe wandonsa ya ɗaura ɗaya a ƙugu, ya yafa ɗaya a kafaɗa. Wanda ya sa wando a wannan hali fidiya ta hau kansa. Ke nan ranar Arfa, ranar da babu kamarta a rayuwar Musulmi, da ɗaurin ƙugu namiji yake tsayawa gaban Ubangijinsa. Izari ke nan, wanda malamanmu suke fassarawa da gyauto ko zane. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha ta fito wa mutane da wani mayafi da izari mai kauri, ta shaida musu cewa a cikinsu aka karɓi ran Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Haka in an zo batun likkafani: a mazhabar Malikiyya da muke bi, cikin tufafi biyar da aka so a yi wa namiji sutura da su akwai izari, wando kuwa ba ya ciki.

Ka leƙa Yaman da Somaliya da Indunusiya, za ka ga dattawa da limamai da ɗaurin ƙugu suna shiga masallaci. Mutanen tsaunukan Sikotilan sun riƙi siket ɗinsu na gado a matsayin tufar mayaƙa, har gwamnatin Birtaniya ta haramta musu shi a 1746 don ta karya lagonsu, ba a ɗage haramcin ba sai 1782. Ba ma sai mun yi nisa ba. A nan Narayi, ranar Asabar in ana biki, ka tsaya ka ga iyayen ango in Urhobo ne ko Itsekiri ko Ibo: zane ne har idon sawu, da riga da hula da sanda, kuma ba wanda ya isa ya dubi tsabar idonsu ya ce ba maza ba ne. 'Yan dambe da 'yan kokawa na da, da warki da bante suke shiga fage. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, in ya dawo daga aiki ya watsa ruwa, zane yake ɗaurawa ya zauna a tabarma ya ci tuwonsa, kuma haka na ga sa'o'insa duka suna yi.

Na san inda za ka koma, don ka riga ka faɗa: hadisin Ibn Abbas da ya tsine wa maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza, da kuma aya ta 5 a sura ta 22 ta littafin Maimaitawar Shari'a, wadda maƙwabtana Kiristoci suka sani sarai. Ban zo jayayya da nassi ba, ban ma isa ba. Abin da malamai suka bayyana shi ne, al'adar kowane wuri ita ke nuna wace ce tufar maza, wace ce ta mata, kuma abin da aka hana shi ne mutum ya ƙudurta rikiɗa kansa ya koma ɗaya jinsin. A watan Afrilun 2022 ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Toro ta jihar Bauchi, Muda Lawal Umar, ya kawo ƙudurin hukunta wanda ya sa tufar da ba ta jinsinsa ba da ɗaurin wata shida ko tarar naira 500,000. Ƙudurin bai zama doka ba. Duk wanda zai rubuta irin wannan doka a ƙasa mai ƙabilu fiye da 250, dole ya fara amsa tambayar da takenka ya tsallake: zanen wa, a garin wa?

To amma mu ajiye tufafi, domin ni a ganina taken ba da tufafi yake ba. Na haura shekara ashirin ina bin titunan nan, daga Narayi zuwa Barnawa, daga Sabon Tasha zuwa Kakuri, ban taɓa cin karo da namiji sanye da siket yana tafiya kasuwa ba. Kai ma ba ka ce ka gani ba, hotunan da ka ambata duka a waya ka gan su. To wa ake jifa da wannan magana safe da yamma? Ga waɗanda na ji an jefa da kunnena. Yaron da aka mara a filin ƙwallo ya ƙi ramawa. Magidancin da aka hango yana shanya kayan jariri saboda matarsa na kwance bayan tiyata. Saurayin da abokai suka miƙa wa ƙwaya ya ce ba ya sha. Direban da aka goga wa mota ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya ja abarsa ya tafi. Babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa siket. Laifinsu haƙuri da tausayi da kamun kai, wato halayen da ake yi mana wa'azinsu kowace Juma'a da kowace Lahadi. Taken ya tattara su ya ƙunshe a zane ya ce kayan mata ne, sannan ya ce kayan mata abin kunya ne.

Ka kawo batun 'yan daudu, ka ce su ake gudun yara su zama. Daudanci ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, ba kuma waya ce ta kawo shi ba. Kakanninmu sun san su a tasha da kasuwa da gidajen biki suna sayar da abinci, har wani Ba'amurke masanin harshe, Rudolf Gaudio, ya zauna a Kano ya nazarci yadda suke magana ya fitar da littafi a 2009. Ra'ayin malamai a kansu sananne ne, ban zo in canza shi ba. Tambayata ita ce, wa ka taɓa ji ya shiryu saboda rubutun bayan Keke? Wa'azi da hikima aka umarce mu mu yi shi, kuma Suratul Hujurati ta hana mu yi wa juna izgili da jifa da munanan laƙabobi. Abin da irin wannan take yake haifarwa shi ne taron yara su bi wani bawan Allah da ihu da duwatsu saboda muryarsa siririya ce ko tafiyarsa ba ta yi musu ba, alhali ba su san komai game da shi ba.

Hujjarka da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta harshe, don a nan ne mai karatu zai fi saurin gyaɗa kai. Ka ce Hausa ba ta yarda da cakuɗa ba: tana da kai da ke, ka da ki, shi da ita, ne da ce, abin da Turanci ma bai kai ta ba, tunda Bature da kalma ɗaya yake fuskantar namiji da mace. Wannan haka yake. Amma rarrabewa daban, fifitawa daban. Nahawun Hausa ya raba jinsi, bai ce ɗaya ya fi ɗaya ba. In da a ce nahawu ne alƙali, ai da shari'ar ba ta yi maka daɗi ba, domin zane a Hausa jinsin namiji ne: zanen nan ne, zanena ne. Siket da muka aro shi ma namiji muka mai da shi. Babbar riga kuwa, wadda babu tufar da ta kai ta cika ido a jikin namiji, mace ce. Hula mace ce, alkyabba mace ce. Sarauta da jarumta da bindiga da garkuwa da runduna duka da "ce" ake rufe su. Kalmar mazantaka kanta mace ce. Sunan gari da na ƙasa da na kogi duka lamirin mace suke ɗauka a bakin Bahaushe: Kaduna ta cika, Kano ta yi albarka, Najeriya ta samu 'yanci. Ban kawo wannan don in ce nahawu yana bayan mata ba. Na kawo shi ne don a ga cewa jinsin kalma ba ruwansa da darajar mutum. Galibi ƙarshen kalmar ne ke yanke hukunci, in ta ƙare da wasalin "a" sai ta faɗa wajen mata. Wanda ya ce nahawu ya ba shi lasisin raina zane ya ɗora wa Hausa kayan da ba nata ba.

Inda kake da gaskiya shi ne a salon yabo, kuma nan ne ya kamata mu tsaya mu dubi kanmu maimakon mu yi tinƙaho. Muna cewa namijin duniya, mazan jiya, mazan fama. Mace in ta yi abin a zo a gani sai mu ce ta yi namijin ƙoƙari. Sarauniya Amina ta Zazzau, wadda ga makarantar 'yan mata mai sunanta nan a Kakuri, da muka tashi yabonta sai muka ce mai kamar maza ce. Juya maganar ka gani: a ce wa namiji mai kamar mata, zagi ne da ake fasa kai a kansa. Tsani ɗaya muka kafa, mai hawa ya nufi wajen maza, mai sauka ya nufi wajen mata. 'Yata tana aji huɗu, ta iya karatu, kuma kullum a Keke take zuwa makaranta. In ta karanta rubutun nan, me aka gaya mata? An gaya mata cewa abin da take ɗaure da shi, abin da uwarta da kakarta suke ɗaure da shi, shi ne ƙarshen wulaƙancin da za a iya yi wa yayanta. Ka ce ba da mata ake ba, magana ce tsakanin maza. Malam, ba a zagin mutum da abu sai an fara raina abin. Ba ka taɓa jin an ce wa matsoraci ya je ya sa alkyabba ba.

Kuma ko a cikin karin maganar ba kowace ce ke bayanka ba. Bahaushe ya ce namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa. Ya ce maza dangin gujiya, sai an fasa ake sanin bidi. Duka biyun abu ɗaya suke faɗa: ba a gane namiji daga ɓawo. Magabata sun kai mazantaka can cikin ƙwaya, takenka ya fito da ita ya rataya a igiyar shanya.

Tarihinmu ma bai ɗauki zane alamar tsoro ba. Da zane da ɗankwali Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga NEPU, da su aka kai ta kurkuku har sau 16, a lokacin da maza da yawa masu wando da babbar riga suka ja bakinsu suka yi shiru. Matan Arewa kuwa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai 1976. Kafin Hajiya Gambo, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, in ta naɗa jaji da za ta jagoranci 'yan taru zuwa ƙauyuka koyar da mata, malfa take ɗora mata da jan rawani, ba ta kuwa ga ta keta wata iyaka ba.

Ni ɗan masaƙa ne, shi ya sa maganar nan ta taɓa ni fiye da yadda za ka zata. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe Kaduna Textiles a Kakuri, wasu masaƙun irin su United Nigerian Textiles da Arewa Textiles suka biyo baya, har unguwannin kudancin kogi suka cika da ma'aikata daga kowane lungu na ƙasar nan. Dubban maza ne suke tsayuwa a kan inji dare da rana suna fitar da yadi da atamfa. Zanen da kake cewa namiji ba ya taɓawa, gumin maza ne ya saƙa shi, kamar yadda rini a Ƙofar Mata ta Kano aikin maza ne, kamar yadda telolin da ke ɗinka siket a Kasuwar Barci da shagunan Narayi da yawansu maza ne. Mahaifina a ɗaya daga cikin masaƙun nan ya ƙare ƙuruciyarsa. Da masaƙu suka fara durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, Kaduna Textiles ma ta rufe a 2002, sai ga magidanta a zaune a ƙofar gida ba aiki ba albashi. Namu gidan yana ciki.

Abin da ya riƙe mu a shekarun nan akwatin Inna ne. Zannuwan lefenta da waɗanda ta tara shekara da shekaru, ta riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya tana ba dillaliya. Da kuɗin wani aka biya mini jarrabawa, da na wani aka sayi kaskon suya da wake ta fara ƙosai. Duk wanda ya tashi a gidan talaka ya san cewa zanen mace shi ne bankinta, shi ake taɓawa in ta kai bango. Baba kuwa yakan tashi kafin asuba ya kai markaɗe, ya hura mata wuta, ya ɗauko mata kaskon zuwa bakin titi kafin ya wuce masallaci. A majalisa sai aka sa masa suna mijin-ta-ce, wani ya ce saura kawai ya ɗaura zane. Ina tsaye aka faɗa. Bai tanka ba, bai kuma daina ba. Wasu daga cikin masu yi masa dariya sun gudu sun bar iyalansu saboda ba za su iya jure a gan su a irin wannan hali ba. Ka gaya mini, Malam, a cikinsu wane ne namiji? Nana A'isha da aka tambaye ta abin da Annabi yake yi a gida, hidimar iyalinsa ta ambata, kuma an ruwaito cewa yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa da hannunsa. A kan wannan turba Baba yake, masu taken ne suka sauka daga kanta.

Wasu al'ummun Musulmi sun riga mu gane wannan. A watan Afrilun 2013, a garin Mariwan na Kurdawan Iran, aka hukunta wani mai laifi ta hanyar sa masa tufafin mata aka zagaya gari da shi. Matan garin suka fito zanga-zanga, ba don kare laifinsa ba, sai don an mai da suturarsu bulala. Mazan Kurdawa da yawa suka sa kayan iyayensu mata suka ɗauki hoto suka watsa a Facebook, saƙonsu shi ne zama mace ba makamin wulaƙanta kowa ba ne, har wasu 'yan majalisar dokokin ƙasar suka rubuta wa hukumar shari'a suna sukar hukuncin. A watan Fabrairun 2015 kuma, bayan wani direba ya kashe ɗaliba Özgecan Aslan a lardin Mersin na Turkiyya saboda ta ƙi yarda ya keta mata haddi, wasu maza sun fito a Istanbul da siket don su ce tufar mace ba uzuri ba ce ga mai cin zarafinta. Ba ina kiran mazan Narayi su yi haka ba, kowane gari da irin allurar da ke ɗinka shi. Abin da na ɗauka a wurinsu shi ne sun gane cewa in aka zagi namiji da zane, mace aka fara zagi.

Yanzu in zo kan abin da ya hana ni barci bayan na karanta ka. Ka ce taken yana gina ƙarfin zuciya a yara maza. Malam, a Kaduna muke. Mun san inda irin wannan ƙarfin zuciya yake kai mutane. Ranar Litinin 21 ga Fabrairun 2000 garin nan ya kama da wuta a kan batun shari'a, ya sake kamawa a watan Mayu, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum 2,000 suka mutu. A watan Nuwamban 2002 aka sake, kimanin mutum 250 suka tafi. Daga nan ne kogin da ya ratsa gari ya koma iyaka, Musulmi suka yi ta ƙaura zuwa arewa, Kiristoci zuwa kudu, unguwannin da muka tashi a cakuɗe suka rabe. Ina da wayo a lokacin. Na ji da kunnena yadda ake fito da samari daga gidajen iyayensu: in kai namiji ne ka fito, in ba za ka fito ba ka karɓi zanen uwarka ka ɗaura. Abokaina da suke ɗaya ɓangaren sun gaya mini cewa da kalmomin nan aka fito da nasu samarin. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai zai iya jure yunwa, zai iya jure duka, amma ba zai iya jure a kira shi mace a gaban sa'o'insa ba, saboda mun koya masa cewa babu abin da ya fi wannan muni. Wanda ya san haka ya samu linzami. Da shi ɗan siyasa yake jan 'yan bangarsa, da shi ake jan yaro cikin sara-suka, da shi ake sa shi ya haɗiyi ƙwayar farko.

A ranar ta biyu ta rikicin 2000, samari sun tare hanyar fita daga layinmu suna tsayar da duk namijin da ba su yarda da shi ba. Yayana yana da shekara goma sha tara. Maƙwabciyarmu, Kirista ce, Mama muke ce mata, ta shigo ta bayan gida ta kwance zanenta na sama ta ɗaura masa, ta ɗaura masa ɗankwali, ta ɗora masa kwano a ka, ta riƙe hannunsa ta ratsa da shi ta tsakiyarsu tana yi masa faɗa kamar 'yarta, har ta kai shi inda jami'an tsaro suke. Da an gane, da ita da shi ba wanda zai kai labari. Yau yana da 'ya'ya biyar. Na ji irin wannan labari daga ƙetaren kogi, inda matan Musulmi suka lulluɓe 'ya'yan maƙwabta da hijabi. A ranar nan duk mazantakar layinmu tana riƙe da adda, jarumtar kuwa tana ɗaure da zane. Ba zan iya karanta rubutun bayan Keken nan ban tuna hannun Mama yana rawa tana ƙulla masa zanen a ƙugu ba.

Kuma garin nan yana da maza biyu da suka nuna wata hanyar. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun jagoranci matasa masu gaba da juna a rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Kowannensu yana da dalilin ramuwa da ba wanda zai ga laifinsa a majalisa. A 1995 suka haɗu, suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a nan Kaduna, kuma da hannunsu a yarjejeniyar zaman lafiya da malamai da fastoci 22 suka sa wa hannu a watan Agustan 2002. Kowannensu ya sha zargi daga mutanensa. A ma'aunin takenka, sun ji tsoro sun ajiye makami. A ma'aunin hadisin da ya ce ƙarfi ba a kayar da abokin kokawa yake ba, a mallakar kai lokacin fushi yake, su ne ya kamata a rubuta sunayensu a bayan Keke.

Abin da nake roƙonka ba mai yawa ba ne. In shaye-shaye kake tsoro, kira shi da sunansa. In lalaci ne, in rashin kunya ne, in kwaikwayon abin da ake gani a waya ne, Hausa ba ta rasa kalmomi ba: akwai rago, akwai malalaci, akwai maras kunya, akwai sakarai, kuma ba ɗaya a cikinsu da ke bi ta kan uwar kowa kafin ya isa ga mai laifi. Kana da alƙalami mai kaifi da masu karatu da yawa, in ka janye wannan take za a ji.

Akwai wani yaro a layinmu, shekararsa goma sha ɗaya. Ubansa ya rasu, uwarsa tana da ɗan shagon kayan miya a bakin kasuwar Narayi. In ya taso daga makaranta yakan karɓi ƙanwarsa ya goya ta da zane da majanyi, ya kai ta gida ya ba ta koko ya lallashe ta har ta yi barci, uwar ta samu ta yi cinikin yamma, wanda shi ne cinikin. Watanni biyu da suka wuce wasu samari a bakin shagon caji suka tsayar da shi, ɗayansu yana sanye da rigar nan mai rubutu. Suka nuna masa rubutun suka sa shi ya karanta da ƙarfi, suna dariya. Ya kwance goyon a wurin ya rungumi yarinyar a kafaɗa ya tafi yana kuka. Na je na same shi, na ba shi labarin Baba da na yayana, ya saurara da ladabi ya ce to, Kawu. Har yau bai sake goya ta ba. Uwar ce take rufe shagon da la'asar ta koma gida.